"Ƙwallon mace biyu ce": dokar da ta kusa watsa mana hokin Asabar a Jos

Duk Asabar bayan la'asar akwai wani gungu namu da ke haɗuwa a hol ɗin wata makarantar kuɗi a wajajen Rayfield muna buga hoki na cikin ɗaki, maza da mata tare. Ba kulob ba ne fa, babu rajista babu koci babu kofi, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan bautar ƙasa da suka gaji da zaman kashe wando ranar hutu, Musulmi da Kirista, akwai mata da miji akwai wa da ƙanwa, wasu daga Bukuru wasu tun daga Anguwan Rogo da Farin Gada suke tasowa. Ni ce mai riƙe littafin karo-karo da agogo, shi ya sa duk abin da aka yi a gabana aka yi shi. Rigimar kuwa a kan doka ɗaya ce tak, wadda aka kawo da niyyar kyautata wa mata, ta ƙare da jini a fuskar mace.

Wanda bai san wasan ba, ba irin na kan ƙanƙara ba ne da ake gani 'yan Kanada na yi a talabijin, kuma ba na fili ba ne mai sandar nan mai lanƙwasa da aka sani a makarantun kwana, wanda ake bugawa a filin Package B na babban sitadiyam ɗin Abuja tun gasar wasannin Afirka ta 2003. Namu a kan daɓe ake yi da kambas, sanda ta roba, ƙwallo ma ta roba mai huji-huji, irin ta wasan filobol da Suwidin da Finlan da Suwizalan suka kafa wa hukumar duniya a 1986. Ƙwallon huji 26 gare ta, nauyinta giram 23, ko a cinya ta same ka zafin minti ɗaya ne ya wuce. Sandunan yayan wata daga cikinmu da ke aiki a Kanada ne ya zo da su da ya zo hutu, sauran aka tsinto a gwanjon Katako, kala-kala, wasu an naɗe su da salatif. Shi ne kuma ya turo mana takardar dokokin da suke amfani da ita a can wajen aikinsu.

Takardar ba ta da laifi. Mutum biyar a fili da gola, aƙalla biyu a cikin biyar ɗin mata ne. Kan sanda ba ya wuce ƙugu. Babu bangaza babu ture. Ba mai shiga da'irar gola. Babu rafali, wanda ya yi laifi shi zai faɗa da bakinsa. Mun karanta mun ce to, muka hau wasa, ba wanda ya tsaya ya lura cewa hol ɗinmu layin ƙwallon kwando ne a jikinsa, mita 28 da 15, alhali filin filobol na gaske mita 40 ne da 20. Wato mutum goma da gola biyu muke cusawa a wurin da ya fi rabin filin da aka yi lissafin dominsa da kaɗan kawai. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Matsalar farko da ta fito fili ita ce maza ba sa ba mata fasin. Wallahi za ki yi gudu daga wannan bango zuwa wancan kina ɗaga hannu kina "ga ni nan, ga ni nan", mutum ya kalle ki ido cikin ido ya juya ya ba ɗan'uwansa namiji da mutum biyu ke tsare da shi. Yawancinsu 'yan ƙwallon ƙafa ne da suka girma a filayen unguwa, kan su a ƙasa yake, kuma ga wani abu da muka ɗauka wasa ne ashe ba wasa ba, tim ɗin da aka ci su ke sayen tsire da lemo bayan an tashi. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne amma tsiyar da za a yi maka a gurup har zuwa Laraba ita ce abin gudu.

Da mata suka fara ƙorafi sai wani babba a cikinmu, ma'aikacin banki ne kowa Oga yake ce masa, ya ce shi ya san maganin abin. Ya ce a wasu jami'o'in Amurka idan maza da mata na wasa tare ƙwallon da mace ta ci biyu ake lissafa ta, kuma gaskiya ne akwai masu yin haka. Mu ma mata muka yi tafi, har da masu cewa yau Allah ya kama su. Aka rubuta da biro a ƙasan takardar.

Da farko abin ya yi daɗi, fasin ta ko'ina. Amma namiji mai son cin wasa ba ya daɗewa bai gano ƙofar baya ba. Kyaftin-kyaftin suka fahimci ba sai mace ta yi wasa ba, abin da ake buƙata kawai sandarta ce ta zama ta ƙarshe da ta taɓa ƙwallo. Sai aka koma dasa mace ɗaya a bakin da'irar gola ana ce mata "Anti ke dai tsaya nan, kar ki motsa, ajiye sandar a ƙasa", maza su yi ta ɗirko shot da iya ƙarfinsu ta inda take ko Allah zai sa ta goga. Masu tsaron baya su ma ba wawaye ba ne, tunda wannan ce mai biyu ai ita za a tsare, da ƙwallo ta doso ta sai ki ga maza biyu uku sun rufe ta kamar 'yan kamasho sun hango fasinja da jaka a tashar Bauchi Road. Mace ta biyun kuma an manta da ita gaba ɗaya a baya. Ga musu kuma da ba ya ƙarewa, ta taɓa ko ba ta taɓa ba, biyu ce ko ɗaya ce, kuma babu rafali. Wata yarinya ƙanwar ɗaya daga cikin mazan da ta fara koyo, ranar da ta zubar da ƙwallo a gaban raga yayanta ya daka mata tsawa a gaban kowa wai ta zubar musu da biyu, daga ranar ta koma zama a benci tana danna waya.

A cikinmu akwai wata nas da ta buga hokin fili tun tana sakandare, ita kam ta fi yawancin mazan iya riƙe sanda nesa ba kusa ba, tana karɓar ƙwallo ta juya da ita ba tare da ta kalli ƙasa ba. Dokar ta mai da ita abin farauta. Duk tim ɗin da take ciki sai ɗayan ya ware mata mutum biyu, wani lokaci ma ka ji kyaftin na cewa "ku bar kowa ku riƙe Sista".

Ranar da abin ya faru tsakiyar hunturu ne, hazo ya sauka sosai, kun san yadda ƙurar nan ke shigowa ta tagogin sama ta kwanta a daɓe fari sol, kambas ba ya kamawa. Ana kunnen doki saura kamar minti biyu a agogona. Aka turo wa Sista ƙwallo tana bakin da'ira ta ba raga baya, wani ɗan bautar ƙasa dogo ya taho a guje ta bayanta zai kwaɗe ƙwallon kafin ta juya, ƙafarsa ta zame, ya riga ya saki hannu, kan sandar ya tashi daidai lokacin da ta sunkuyo tana juyowa. Ƙarar da muka ji ta tabarau ɗinta ce. Gilashin ɗaya ya yi tsalle har ƙarƙashin bencina, firam ɗin ya yanke ta a saman gira, ta zauna daɓas a ƙasa ta dafe wurin da gefen hijabinta, ruwan toka ne hijabin, kan ka ce me ya rine har kafaɗa. Ƙwallon kuma ta gangara a hankali ta shige raga. Abin da har yau yake ci min rai, mu mata muna durƙushe a kanta muna neman auduga da ruwa, a bayanmu ina jin muryar maza biyu, ɗaya na cewa biyu ce ai ta taɓa sandarta, ɗayan na cewa ƙafar gola ta buga. Baba maigadi ne ya leƙo ya ce "Haba 'ya'yana, ku ji tsoron Allah mana", sannan suka yi shiru.

An yi mata ɗinki a daren, idon Allah ya kiyaye. Yaron da ya yi abin har asibitin ya bi mu yana rawar jiki yana "Anti ki yafe min, wallahi santsi ne", ita ce ma take ba shi haƙuri. Mijinta da ya zo bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi shi bai taɓa hana ta motsa jiki ba kuma ba yau zai fara ba, amma yana so a faɗa masa wace irin doka ce ke sa maza uku su yi kan mace ɗaya da sanduna. Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Asabar ɗin da ta biyo mata biyu ne kacal suka zo. Maza suka buga su kaɗai, kuɗin hol bai haɗu ba sai da Oga ya cika daga aljihunsa.

Gurup kuwa ya kama da wuta, saƙon murya na minti bakwai-bakwai. An rabu uku. Akwai masu cewa tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, ko a ƙwallon ƙafa ana karyewa, a ci gaba yadda ake. Akwai masu cewa dama tun farko cakuɗa maza da mata a wasan gudu bai dace ba, a raba, mata su ɗauki awa ɗaya maza awa ɗaya. Wannan ɓangaren ba na raina maganarsu ko kaɗan, wasu dalilin addini suka kawo wasu na tarbiyya, kuma ba Musulmi kaɗai ba har da wata mama mai zuwa da 'yarta daga Bukuru. Matsalar ita ce lissafi, mu matan ko duk mun zo ba mu isa tim biyu ba, kuɗin awa ta biyu kuma babu mai biya, don haka "a raba" a aikace ma'anarta mata su zauna a gida. Wasu sun gwammace hakan kuma haƙƙinsu ne, mun rabu lafiya muna gaisawa har yau. Ɓangare na uku su ne masu cewa a zauna a sake duba dokokin ɗaya bayan ɗaya, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Zaman an yi shi ne a barandar hol ɗin bayan sallar magariba, kowa ya ƙudundune cikin suwaita, Sista ta zo da filasta a goshi. Ita ta fara magana kuma a kan dokar biyun ta fara. Ta ce "Oga da girmanka, na san alheri ka nufa, amma ni ƙwallona ɗaya ce kamar ta kowa, ba na son sadaka. Ranar da kuka sa min farashi ranar kuka sa aka fara bina." Oga ya so ya kare, ya ce to ai da babu dokar ba a ba ku fasin, ta ce a nemo wata hanyar. Aka soke ta a wurin, ko ƙuri'a ba a yi ba.

Inda aka daɗe shi ne maganar sanda. Takardar Kanada ta ce ƙugu, dokar filobol ma ƙugu ta ce wajen lilo da sanda, kuma ba a taɓa ƙwallon da ta wuce gwiwa. Sai wani malamin motsa jiki da ke cikinmu, Malam muke ce masa, ya tashi ya kira ɗan bautar ƙasan nan ya kira mafi gajarta a cikin mata ya ce su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ƙugun yaron ya kusa kai ƙirjinta, kuma tana tsaye ne ƙyam, in ta sunkuya a kan sanda yadda ake yi a wasa to fuskarta ce a wurin. Kowa ya yi tsit. Wato ko da yaron bai karya dokar ƙugu ba zai iya fasa mata ido. Aka mai da ita gwiwa, gaba da baya, kafin bugu da bayan bugu. Sista ta ƙara da cewa a hokin cikin ɗaki na hukumar hoki ta duniya ma ba a yarda a kwaɗi ƙwallo ba sam, turawa ake yi, kan sanda na manne da ita. Muka ɗauki wannan ma. Duk wanda sandarsa ta wuce gwiwa minti biyu a benci, ko bai taɓa kowa ba, ko shi kaɗai ne a rabin fili, tim ɗinsa su yi wasa da giɓi, in kuma ƙwallon ta shiga ba a ci ba. Maza sun yi gunaguni sosai a nan, wai an cire wa wasan gishiri. Ni a ganina wannan ita ce dokar da ta fi kowace aiki a cikin duk abin da muka rubuta, domin ba ta tambayar niyyar mutum, ba ruwanta da santsi ne ko ganganci ne, tsayin sanda kawai take kallo.

Daga nan aka dawo kan cunkoso. Aka rage zuwa huɗu da gola, biyu mata biyu maza. In mace ɗaya ce ta zo wa tim to su uku za su buga, namiji ba ya cike gurbin mace, in babu ko ɗaya a ara daga masu hutu. Wannan ta sa mazan da da ba su damu ba yanzu su ne masu kiran waya ranar Juma'a, "Anti gobe kina zuwa ko, in biyo in ɗauke ku ke da Yaya?"

Taɓa jiki an hana shi gaba ɗaya, har da ɗan kafaɗar nan da filobol ya yarda da shi. Ba a zuwa wa mutum ta baya, ba a zura sanda tsakanin ƙafafun wani, ba a dukan sandar wani ko ɗaga ta, ba a kwanciya ko durƙusawa a tare shot sai gola. In ƙwallo ta maƙale a kusurwa ko jikin bango wanda ya riga isa tasa ce, ɗayan ya ja baya taku ɗaya ya ƙirga uku da ƙarfi, domin mu bangonmu na bulo ne ba katangar roba ba, kuma a kusurwar ne dama ake yawan matse mutum. Wannan ɓangaren shi ya kwantar wa magidanta da hankali fiye da komai, ɗaya daga cikinsu ya zo ya zauna ya kalli wasa guda daga farko har ƙarshe kafin ya ce matarsa ta dawo.

Akwai wadda muka gwada ba ta yi ba. Malam ya kawo labarin wani wasa na ƙasar Holan, kofbol, wanda wani malamin makaranta a Amsterdam ya ƙirƙiro a 1902 musamman don yara maza da mata su yi tare, yanzu huɗu-huɗu ne a kowane tim, kuma dokarsa namiji namiji yake tsarewa mace mace. A baki abin ya yi mana daidai da al'adarmu ɗari bisa ɗari, har masu cewa a raba wasu suka sauko saboda ita. A fili kuwa sai ta zama abin dariya, Sista na wuce wadda ke tsaronta shi ke nan, maza biyu na tsaye suna kallonta tana tafiya har raga ba damar su tare, ta ci ta ci har ita da kanta ta ce a'a wannan ba wasa ba ne. Kuma sai ya zama tamkar wasa biyu ake yi a fili ɗaya, maza na nasu mata na nasu. Kofbol ba a gudu da ƙwallo a hannu shi ya sa dokar ta zauna musu, mu kuwa da ƙwallon ake tafiya. Abin da muka tsaya a kai shi ne kowa na iya tare hanyar kowa, fuska da fuska, sanda a ƙasa, amma mutum ɗaya tak ke zuwa kan mai ƙwallo. Na biyu ya matso, bugun tazara ne.

Sai maganar rafali, wadda ni ce na tayar da ita. Tsarin "mai laifi ya faɗa da bakinsa" wataƙila yana aiki a inda kowa sa'an kowa ne, amma a nan wa zai ce wa Oga ya yi laifi? Yaron da ke fatan Oga ya sa masa baki a wajen neman aiki? Ko yarinyar da ke durƙusawa ta gaishe shi? Ni kaina sau nawa ina ganin sandar babba ta tashi in kau da kai saboda kunya, yaro kuma ko bai yi ba sai a ce ya yi ya amsa. Yanzu tim ɗin da ke hutu su ke ba da rafali, da usur a bakinsa, mace ko namiji duk wanda layi ya zo kansa, kuma kyaftin kaɗai ke da bakin yi masa magana. Usur ɗin na da wani sirri, yarinyar nan da yayanta ya yi wa tsawa ranar da aka ba ta shi ta fitar da Oga minti biyu ko gezau, ya fita yana dariya yana cewa "ranki ya daɗe".

Sauran ƙanana ne ba a yi musu a kansu ba. A goge daɓe da ɗanyen tsumma kafin a fara, lokacin hazo a sake gogewa a hutun rabin lokaci. Kambas dole, ba silifas ba takalmi mai ƙusa. Hijabi marar fin, a tura shi cikin riga, a cire zobe da awarwaro da agogo. Mai tabarau ya nemo na roba mai igiya ko ya ɗora na kariya a kai. Gola sai da hular kwano mai raga a fuska. Ƙwallon hokin fili da wani ya taɓa zuwa da ita wai ta fi daɗin bugu an haramta ta shiga hol ɗin, wannan giram 156 zuwa 163 ce, kusan ninki bakwai na tamu. Ƙafa kuma, wadda 'yan ƙwallo da Sista suka daɗe suna faɗa a kai tunda a hokin fili laifi ne ƙwallo ta taɓa ƙafarka, an yarda ka tsayar da ita da ƙafa amma ba a cin raga da ƙafa. Minti 12 sau biyu, agogo ba ya tsayawa, a tashi kafin kiran magariba.

To fasin fa, tunda shi ne asalin ciwon? Wani ya kawo shawarar dole ƙwallo ta taɓa sandar mace kafin a buga raga, muka ƙi, don mun riga mun ga inda irin wannan ke kaiwa, a miƙo miki ki mayar kamar mai buga hatimi a ofis. Abubuwan da suka yi aiki ba su ma yi kama da doka ba. An soke tsiren wanda aka ci, kowa na sa nasa a karo-karo a ci tare. An daina tim na dindindin, kowace Asabar ana zube sanduna a tsakiyar fili, na mata gefe na maza gefe, mutum ɗaya ya rufe ido ya rarraba hagu da dama, inda sandarki ta faɗa nan ne tim ɗinki, shi ke nan babu wani "mu" da "su" da za a kai gurup. Sannan Sista da Malam na zuwa da wuri su koya wa sababbi karɓa da turawa na minti ashirin, maza ma da ke ganin sun iya ana tura su, don gaskiyar magana rabin rashin ba da fasin ɗin rashin iyawa ne, mutum bai iya ɗaga kai yana tafiya da ƙwallo ba. Kuma da aka koma huɗu, in ka ƙi ba mata biyun to mutum ɗaya ya rage maka a duk filin, lissafin da kansa yake tilasta ka.

Ba kowa ya dawo ba. Mata biyu sun tafi ke nan, ɗaya mijinta ya ce a'a ɗaya ita ce ta ce ta gaji. Namiji ɗaya ya fita daga gurup bayan ya rubuta cewa mun mai da hoki wasan 'yar tsana, ya koma ƙwallonsa ta safiyar Lahadi. Oga har yanzu shi ya fi kowa zaman benci saboda sanda, hannunsa ya riga ya saba. Tun daga lokacin dai ba a sake zubar da jini ba, targaɗe ɗaya aka yi shi ma mutum shi kaɗai ya taka igiyar takalminsa.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne gola. Mun rubuta cewa gola ba ta shiga lissafin mata biyun, saboda mun san halin mutanenmu, in aka bari za su tura mace raga ne su samu gurbin namiji na uku a fili. Sai ga wata Hajiya mai shagon atamfa a Terminus, gwiwarta ba ta son gudu, ita kuma tsaron raga take so da gaske kuma ta iya, ba ta tsoron ƙwallo ko kaɗan. Ranar da mata suka yi ƙaranci tim ɗinta na bugawa da giɓi alhali ga mace a raga, ita kuma tana ganin dokar ta mai da ita kamar ba mace ba, ta faɗa mana haka a fili. Masu goyon bayanta na cewa a yi mata togiya ita kaɗai, Sista na cewa in aka buɗe wannan ƙofar wata Asabar za a wayi gari kowane tim da "mai ciwon gwiwa" a raga. A yanzu dai rabin farko tana raga ba a ƙirga ta, rabin na biyu ta fito ta tsaya a baya a ƙirga ta, ba ta gamsu ba kuma ba ta ɓoye ba, an ce za a sake zama a kai bayan sallah.